Me ya sa gidajen tarihi ke ajiye tsofaffin littattafan kimiyyar tashin jirgin sama?

Wani ɗalibin injiniya ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hotunan wani gidan adana kayan tarihin jiragen sama, sai ya lura ban da jiragen da aka rataye a rufi, akwai akwatunan gilashi ɗauke da tsofaffin littattafai masu cike da lissafi da jadawalai. Abin da yake son sani shi ne: tunda yau kwamfuta ce ke lissafa yadda iska ke bi ta jikin fiffike, kuma an san wasu alƙaluman da ke cikin littattafan nan ba daidai ba ne, mene ne amfanin wahalar adana su? Ɗalibi zai ƙaru da su, ko kayan kallo ne kawai?

Malam, ka yi tambaya mai kyau, kuma ni ma na taɓa yi wa kaina irinta kafin aikin koyar da wannan fanni ya kai ni ɗakunan karatun irin waɗannan gidaje. Jirgin da ke rataye yana nuna maka abin da maƙeri ya ƙera. Littafin da ke ƙarƙashinsa shi ke gaya maka abin da maƙerin ya sani a ranar, da kuma abin da ya zaci ya sani alhali bai sani ba. Idan babu littafin, ba za ka taɓa gane dalilin da ya sa fiffiken ya zama mai wannan tsawo da wannan lanƙwasa ba. Bari in nuna maka da labarin da na fi sani.

Ranar 30 ga Mayu 1899, Wilbur Wright, ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu Amurkawa da daga baya suka tashi da jirgin sama mai inji na farko, ya rubuta wa Cibiyar Smithsonian da ke Washinton wasiƙa yana neman abin karantawa a kan tashi sama. Aka aika masa da wasu 'yan ƙasidu da jerin littattafai, ciki har da Progress in Flying Machines na Octave Chanute na 1894, da Experiments in Aerodynamics na Samuel Langley na 1891. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne shi da ƙanensa Orville suka samu abubuwa biyu da suka ɗora lissafinsu a kai. Na farko jadawalin Bajamushe Otto Lilienthal, wanda ke nuna yadda ƙarfin ɗagawa ke sauyawa gwargwadon kusurwar da fiffike ke tarar iska. Na biyu wata lamba guda ɗaya, 0.005, da ake kira lambar Smeaton.

Lambar nan tana da sauƙin ganewa. Ka ɗauki allo mai faɗin murabba'in ƙafa ɗaya, ka tsayar da shi ya fuskanci iska. Ka ninka gudun iskar, da mil a awa, sau kansa, sannan ka ninka da lambar, sai ka samu ƙarfin da ke tura allon da ma'aunin fam. In iska na gudun mil 20 a awa, 20 sau 20 ya ba da 400, sau 0.005 ya ba da fam 2. To amma lambar gaskiya tana wajen 0.0033 ne, wato fam 1.3 da ɗan kai. Duk wanda ya yi lissafi da tsohuwar lambar zai sa ran samun ƙarfin da ya ɗara na gaskiya da kusan rabi. Daga ina lambar ta fito? Daga wata ƙasida da John Smeaton ya gabatar a Landan a 1759, wadda ma a kan injinan niƙa masu aiki da ruwa da iska take, ba a kan tashi ba. Shekara sama da 140 marubuta suna kwafe ta daga littafi zuwa littafi, har ta zama kamar gadon gida da ba a tambayar asalinsa.

A 1901 'yan'uwan nan suka kai jirginsu maras inji bakin teku kusa da Kitty Hawk, ya ba su kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗagawar da lissafi ya yi musu alkawari. Suka koma gida Dayton jiki a sanyaye. A ƙarshen shekarar suka haɗa akwatin gwajin iska na katako mai tsawon ƙafa shida a shagonsu na kekuna, suka ƙera ma'auni da tsofaffin ruwan zarto da sifokin keke, suka gwada ƙananan fikafikai kusan 200. Jirgin 1901 tsawon fiffikensa ƙafa 22 ne, faɗi ƙafa 7. Na 1902 ya koma ƙafa 32 da faɗi ƙafa 5, dogo siriri, kuma ya tashi yadda aka lissafa. Ma'aunan nan suna Cibiyar Franklin a Filadelfiya, takardun 'yan'uwan kuma suna Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.

Shekaru da yawa ana ba da labarin nan da cewa jadawalin Lilienthal ne ya yaudare su. Sai masana suka koma kan ainihin littattafan, cikinsu har da John Anderson wanda ya yi aikin kula da sashen wannan kimiyya a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, suka sake lissafin. Abin da ya bayyana shi ne laifin Lilienthal kaɗan ne. Shi ya yi awonsa da fiffike dogo siriri, mai lanƙwasa kamar yankin da'ira, ƙololuwar doronsa a tsakiya. Su kuwa sun ɗora alƙalumansa a kan fiffike gajere mai faɗi, ƙololuwar doronsa can gaba, sannan suka ninka da lambar Smeaton mai yawa. Abin da ya fi ɗaure kai, Langley ya riga ya auno lambar da ta yi kusa da ta gaskiya, tana nan cikin littafinsa na 1891. Wilbur kansa ya ambaci haka a wasiƙarsa ga Chanute bayan sun dawo. Ka ga da an zubar da littattafan don an ce sun tsufa, da har yau muna ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba, kuma da mun rasa darasin da ya fi kowane amfani ga injiniya: lamba ba ta tafiya ita kaɗai, tana tafe da yanayin da aka aune ta.

Littafin Lilienthal shi ne na fi so a cikinsu duka. Sunansa Der Vogelflug als Grundlage der Fliegekunst, ma'ana tashin tsuntsu a matsayin tushen fasahar tashi, an buga shi a Balin a 1889. Ranar da aka fara ajiye mini bugun farko a gabana, an ɗora shi ne a kan matasan soso guda biyu don kada gadon bayansa ya karye. A farkonsa akwai hoto mai launi na shamuwa suna shawagi, domin a wurinsu ya ɗauki karatunsa. A ƙarshe kuma akwai manyan shafuka masu naɗi, guda takwas. Mai kula da ɗakin ta nuna mini yadda ake buɗe su, da tafin hannu a ƙarƙashi, ba a kama kusurwa, domin takardar ta yi rauni a kan layin naɗin. Da shafin ya buɗu sai ga lanƙwasassun layuka da ya zana, ƙarfin ɗagawa a tsaye, turjiyar iska a kwance, kowane ɗigo da kusurwarsa a rubuce a gefe. Irin wannan zane ne har gobe muke koya wa ɗalibai, kuma a Jamus da sunansa ake kiransa. Mutumin ya yi awon nan fiye da shekara ashirin tare da ƙanensa Gustav, sannan ya ɗora ransa a kan alƙalumansa, ya yi tashi kusan 2,000 da jiragensa marasa inji, har ya faɗo a Agustan 1896 ya rasu washegari. Duk lokacin da na dubi layukan nan sai in tuna ba wasa yake ba.

Kafin Lilienthal akwai doguwar rigima tsakanin masu lissafi da masu gwaji, zan taƙaita ta. Daga ra'ayin Isaac Newton na 1687 a kan turjiya aka ciro wata ƙa'ida da ke cewa ƙarfin da iska ke yi a kan karkataccen allo ƙanƙane ne ƙwarai in kusurwar ƙarama ce, har wasu suka kafa hujja da ita cewa abin da ya fi iska nauyi ba zai tashi da mutum ba. A 1752 kuma masanin lissafi Bafaranshe d'Alembert ya yi lissafi mai tsafta, sakamakon ya nuna abu mai tafiya cikin ruwa ko iska ba ya gamuwa da turjiya ko kaɗan, abin da duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota ya san ba haka ba ne. Wanda ya bi ta gefen rigimar shi ne George Cayley na Ingila. A Gidan Tarihin Kimiyya na Landan akwai wani ɗan faifan azurfa da ya zana a 1799. A fuska ɗaya jirgi ne mai kafaffen fiffike, a ɗayar kuma zanen da ya raba ƙarfin iska gida biyu, mai ɗagawa da mai ja baya. Bayanin ya fito a ƙasidarsa On Aerial Navigation a 1809 da 1810. Ƙa'idar Newton ɗin nan da aka yi watsi da ita, a tsakiyar ƙarni na ashirin sai aka tarar tana aiki sosai ga abin da ke gudun da ya ninka na sauti sau da yawa, irin kumbon da ke dawowa daga sararin samaniya. Shi ya sa ba na gaggawar cewa wani tsohon lissafi ya mutu.

Sai mutumin da nake tausaya wa, Frederick Lanchester. Tun 1894 ya gane cewa fiffike yana ɗagawa ne domin yana karkatar da iska ƙasa, kuma a bakin kowane fiffike ana barin 'yar guguwa mai juyawa a baya, wadda ke cin ƙarfin jirgi. A 1897 ya miƙa ƙasida ga wata ƙungiyar masana kimiyyar lissafi da zahiri ta Landan, aka ƙi bugawa. Ya haƙura har 1907 ya fitar da littafinsa Aerodynamics, a 1908 ya biyo da Aerodonetics. Gaskiya littattafan suna da wuyar karantawa, domin ya ƙirƙiro kalmominsa na kansa kuma ya fi dogara ga hasashen ido fiye da lissafi. A ƙasarsa aka yi biris da su. A Jamus kuwa Carl Runge na Jami'ar Göttingen da matarsa suka fassara na farkon a 1909. A garin nan ne Ludwig Prandtl ya fitar da cikakken lissafin fiffike a 1918 da 1919, wanda ya bayyana dalilin da ya sa dogon fiffike siriri ya fi gajere mai faɗi, wato abin da 'yan'uwan Wright suka gano da hannu a shagon keke shekara goma sha bakwai kafin nan. Takardun Lanchester suna ajiye a Jami'ar Coventry.

Prandtl ɗin nan shi ya warware ɗaurin d'Alembert. A 1904, a taron masana lissafi a Heidelberg, ya gabatar da ƙasida mai shafi takwas kacal. Ya ce gogayyar iska ba ta da tasiri a ko'ina sai a wata siririyar shimfiɗa da ke manne da jikin abu, kuma in shimfiɗar nan ta ɓalle daga jikin, nan turjiya ke haifuwa. Amfanin wannan ya fito fili a wani saɓani da nake son ba ɗalibai labarinsa. Gustave Eiffel, mai hasumiyar nan ta Faris, bayan ya tsufa ya koma binciken iska. Ya fara da sako abubuwa daga hasumiyar yana auna turjiyarsu, a 1909 ya gina bututun gwajin iska a gindinta, a 1912 ya gina babba a unguwar Auteuil wanda har yanzu yana nan. Da ya auna turjiyar ƙwallo, alƙaluminsa bai kai rabin na mutanen Göttingen ba, har wani daga can ya zaci kuskuren lissafi ya yi. Eiffel ya sake gwaji da ƙwallaye daban-daban a gudu daban-daban, ya nuna akwai wani mataki da turjiyar ke faɗuwa kwatsam. A 1914 Prandtl ya bayyana dalili: in siririyar shimfiɗar ta hargitse, sai ta ƙara riƙe jikin ƙwallon, ta jinkirta ɓallewa. A Göttingen aka ɗaura siririn zoben waya a jikin ƙwallo don a hargitsa ta da gangan, turjiyar ta ragu. Kowane ɓangare awonsa daidai ne, girman ƙwallo da gudun iska ne suka bambanta. Wannan haɗin girma da gudu ne abin da wata lamba da ake kira lambar Reynolds ke aunawa, kuma shi ya sa ƙwallon golf yake da ramuka.

To, wanne ne ɗalibi zai karanta don ya koyi aikin kansa? A nan sai na raba maka. Cayley da Lilienthal da Langley da Lanchester, karanta su don ka ga yadda ake tunani a inda babu wanda ya share hanya, amma kada ka ɗauki alƙalumansu ka sa a aikinka. Akwai kuma waɗanda har yau littattafan aiki ne duk da suna cikin gilashi. The Elements of Aerofoil and Airscrew Theory na Hermann Glauert, 1926, gajere ne, kuma bayaninsa a kan fiffike da farfela ya fi na littattafan zamani da yawa fita sarai. Akwai Aerodynamic Theory mai juzu'i shida da William Durand ya tattara tsakanin 1934 da 1936, wannan na dubawa ne, ba na karantawa daga bango zuwa bango ba. Sai rahotannin NACA, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, wadda aka kafa a 1915 ta rikiɗa ta zama NASA a 1958. Rahoto mai lamba 460 na 1933 ya kawo awon siffofin fiffike 78 masu dangantaka da juna, ya kuma tsara yadda ake raɗa musu suna da lambobi huɗu. NACA 2412, alal misali, na nufin doron ya kai kashi 2 cikin ɗari na faɗin fiffike, ƙololuwarsa tana kashi 40 cikin ɗari daga gaba, kaurin kuma kashi 12 cikin ɗari. Siffar nan ce a fiffiken Cessna 172, jirgin da dubban matuƙa suka koyi tuƙi da shi. An yi awon ne a bututun da aka matsa iskar cikinsa har ninki 20, dabarar Max Munk, don ƙaramin samfur ya yi hali irin na babban fiffike. Daga baya aka gano iskar bututun tana da hargitsi da yawa, dole aka yi wa alƙaluman gyara. Awon da aka sake a bututu mai natsuwa shi ne ke cikin Theory of Wing Sections na Abbott da von Doenhoff na 1949. Kwamfutar da ka ambata, da irin waɗannan awo ake gwada ta kafin a yarda da ita. In manhaja ta kasa fitar da abin da aka auna a kan 2412, babu injiniyan da zai ba ta amanar sabon fiffike.

Game da inda suke, manyan wuraren su ne laburaren gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian, da Deutsches Museum a Munik, da gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget kusa da Faris, da laburaren Ƙungiyar Masana Jiragen Sama ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1866, da ke Farnborough. A garin Anklam, mahaifar Lilienthal, akwai gidan tarihi nasa shi kaɗai. Abin da ke cikin gilashi ɗan tsakure ne, akasarin littattafan suna ɗakin ajiya, kuma mai bincike kan rubuta ya nemi rana a fito masa da su. Fensir kawai ake shiga da shi, hannu a wanke a bushe. Adana su ba ƙaramin aiki ba ne, domin daga tsakiyar ƙarni na sha tara takarda ta koma ta niƙaƙƙen itace mai tsami, tana yin ja tana karyewa da kanta, har littafin 1910 kan fi na 1710 lalacewa. Shi ya sa za ka ga hasken wurin ya dushe, ana kuma sauya shafin da aka buɗe lokaci-lokaci.

Ba sai ka yi tafiya ba kafin ka fara. Rahotannin NACA suna nan kyauta a rumbun rahotannin NASA na intanet, takardun 'yan'uwan Wright suna shafin Laburaren Majalisa, tsofaffin littattafan kuma da yawa suna Internet Archive da Gallica ta Faransa. Sai dai ka yi hattara da abu guda da ya taɓa ɓata mini rai. Na taɓa sauke kwafin wani littafin awo da wani laburare ya ɗauka a hoto, rubutun ya fito tsaf, amma manyan shafukan nan masu naɗi an ɗauke su ne a naɗe. Duk jadawalan da littafin ya dogara a kansu babu su, sai bayan takarda fari fat. Tun daga ranar, duk kwafin da na samu sai na fara juyawa ƙarshe na ƙirga shafukan zane kafin in karanta layi ɗaya.

In za ka fara, ga abin da zan sa ɗalibina ya yi. Ka sauke rahoto na 460, ka tsallake jadawalan tukuna, ka karanta sashen da ya bayyana bututun da samfuran da gudun iskar. Ka rubuta a gefe ma'aunin da suka yi aiki da shi, domin tsofaffin littattafai kan cuɗa fam da ƙafa da mil a awa, na Jamus da Faransa kuma kilogiram ɗinsu na ƙarfi ne ba na nauyin abu ba, wasu ma lambar ɗagawarsu rabin tamu ce ta yau saboda yadda suka tsara lissafin, haka ma Glauert ya yi a bugunsa na farko. Bayan haka sai ka ɗauki 2412 ka saka a manhajar da kake amfani da ita, ka ɗora layinka a kan nasu. Za su tafi tare a ƙananan kusurwoyi, sannan su rabu a wajen da iska ke ɓallewa daga bayan fiffike ɗagawa ta faɗi. In ka kai nan, aiko mini da zanen biyu mu duba tare.